Gurbi Ɗaya a Littafin Maha

Filin yana unguwar Ka'akiyya a Makka, a bayan wani gini da aka fara aka bari, tsakanin dutse da titin da motocin ruwa ke bi. Babu ciyawa ko ɗaya a cikinsa. Buhunan shinkafa uku da aka ɗura wa yashi su ne tashoshin da mai gudu yake takawa, sai wani faranti na roba da aka binne rabinsa, shi ake kira gida. Nan ake buga besbol duk Asabar da safe, daga shigowar sanyi har ranar da zafin Makka ya kori kowa.

Lurwanu ne ya kawo wasan. Shekara ashirin da shida ya yi a gabashin ƙasar yana kula da filin wasan 'ya'yan Amurkawa a wani kamfani. Ya ba ciyawa ruwa, ya ja layi da farar ƙasa, sannan ya koma gefe ya tsaya, kuma a wannan tsayuwar ya koyi wasan. Da ya ajiye aiki ya dawo gidan mahaifinsa a unguwar Mansur, ya zo da ciwon suga, da littafin rubuta wasa, da wata safar hannu ta fata wadda wani Ba'amurke ya bar masa. Ya tara samarin unguwa ya koya musu. Bayan shekaru sai ga ƙungiya biyu: 'yan Mansur, waɗanda kakanninsu suka zo aikin hajji suka zauna, da 'yan Ka'akiyya, waɗanda yawancin iyayensu ta Sudan da Cadi suka biyo. Ba su da wasu abokan karawa sai junansu. A ƙarshen kowace kaka ana zaɓen gwarzo, a ba shi tsohuwar safar ya riƙe shekara guda.

Littafin yana hannun Maha, 'yar autar Lurwanu, shekara uku ke nan. Tana zama kusa da shi a ƙarƙashin laima, abayarta ta sha ƙura, fensir a hannu. Duk mai bugu yana da gurbinsa a shafin. In ya daki ƙwallo ya isa buhun farko da ƙarfin bugunsa, sai ta sa masa ɗigo. In kuwa ya isa ne don wani ya saki ƙwallon da ya kamata ya cafe, sai ta zana zobe, wato kuskuren mai tsaro ne, mai bugu bai samu komai ba. Ba ta da yawan magana, kuma ba a taɓa yi mata gardama ba. 'Yan wasa sukan ce Maha tana ganin abin da shi kansa ƙwallon bai sani ba.

Akwai abin da ita da mahaifiyarta kaɗai suka sani. Shekara biyu ke nan sugan ya ci idon Lurwanu. Yana ganin haske da inuwa, yana gane mutum in ya matso har ya ji numfashinsa, amma ƙwallo a sama ba ya ganinsa. Duk da haka shi ne alƙali. In rigima ta tashi sai a juyo a dube shi, shi kuma ya kama gemu yana shafawa kamar mai nazari. A wannan ɗan lokacin Maha take ɗaga littafin ta rufe bakinta, ta raɗa masa abin da ya faru. Sai ya saki gemu ya yanke hukunci da babbar murya. Ko Bandar, babban ɗansa, wanda yake zaune da iyalinsa a Utaibiyya, abin da ya sani shi ne Baba yana bukatar sabon tabarau.

Ranar wasan ƙarshe, ƙungiyoyin sun zo kunnen doki, kowacce ta ci wasa shida. A zagayen ƙarshe Ka'akiyya tana gaba da ɗaya, 'yan Mansur biyu suna kan buhu, Bandar ne zai yi bugu. Mai jifa kuwa Idris ne, dogon saurayi mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wanda ya riƙe Ka'akiyya shi kaɗai duk kakar, da jifa da bugu. Kowa ya san safar bana tsakanin su biyun take.

"Yaya ya tsaya," in ji Maha a hankali. "Idris yana goge hannu a wando."

"Zai jefo masa ta ƙasa," in ji Lurwanu. "Na san yaron nan."

Ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayinsa, sai yatsunsa suka wuce kofin suka ture shi. Shayi mai zafi ya gangaro kan farar rigarsa. Maha ta yi wuf ta cafe kofin kafin ya faɗi, ta ja gefen sallaya ta rufe masa gwiwa, don kada wani ya lura. Kanta yana ƙasa ta ji ƙarar kulki ya haɗu da ƙwallo, ta ji ihu ya tashi. Da ta ɗago, ƙwallon yana birgima a ƙasa, Hisham mai tsaron can nesa yana binsa da gudu, 'yan Mansur biyu sun riga sun taka gida. An tashi bakwai da shida.

Ta rubuta bakwai da shida. Ta kai fensirin kan gurbin Bandar, ta tsaya.

"Me ya faru?" Lurwanu ya raɗa.

"Mansur ta ci."

"Na ji wannan. Ɗigo ne ko zobe?"

"Ban gani ba, Baba."

Rigarsa ta manne a cinyarsa, bai ko taɓa ta ba. Can ya ce, "Ƙuri'a za ta raba su. Ba za a buɗe littafi ba."

Haka dokar take tun farko, ba a duba littafi sai in ƙuri'a ta kasa. Maha ta rufe shi ta sa a jaka. Ta san abin da ke ciki ba sai ta duba ba. Idris ya tsaya bugu sau hamsin, ɗigonsa ashirin. Bandar sau hamsin da ɗaya, ɗigonsa ashirin. In gurbin nan ya samu ɗigo, Bandar ya wuce Idris da ƙiris. In bai samu ba, Idris ne a gaba.

Walimar ƙarshen kaka a gidan Wada mai tsire ake yi, abokin Lurwanu tun suna yara. An shimfiɗa darduma a tsakar gida ƙarƙashin rumfar kwano, an kunna fanka biyu. Bayan azahar aka fito da farantan shinkafar buhari, da tsire mai ƙuli-ƙuli wanda Wada ya ce ba ya yi wa masu saye irinsa. Mata suna ɗakin da ke kusa da zaure, muryoyinsu suna fitowa ta labule. Maha tana gefen mahaifinta a bakin dardumar, wurin da aka saba ganinta. Tana tura masa nama gefen da hannunsa yake sauka.

Ba a kai rabin faranti ba Abdulilah ya fara. Ɗan baffan Idris ne, direban masu umara, bai taɓa riƙe kulki ba, amma bai taɓa fashin kallo ba.

"Ya jama'a, mu daina wahalar da kanmu. A miƙa wa Bandar safar nan yanzu, mu ci abinci cikin kwanciyar hankali."

"To fa," in ji Wada. "An taɓa ka ne?"

"Ku ƙirga mana. 'Yan uwan Bandar nawa ne a kan dardumar nan? Shida. Surukai biyu. Ga wanda yake aiki a ƙarƙashinsa, can, yana ɓoye fuska da cinyar kaza. Idris kuwa ni kaɗai gare shi."

"Ai bakinka ya kai mutum goma."

"Baki ba ya shiga kwanon ƙuri'a, ya Ammi," in ji Abdulilah, Ammi kuwa baffa ke nan da Larabci.

Bandar ya ajiye cokali. Mutum ne mai jiki, yana aiki a ofishin wani otal kusa da Harami, kuma Hausarsa takan tsere in ransa ya ɓaci. "Tayyib. Wa ya ci kaka? Mu ko ku?"

"Ku."

"Halas. Gwarzo shi ne wanda ya kai mutanensa ga nasara. In mutum ya yi ta bugu, ya yi ta jifa, a ƙarshe aka doke su, me ya amfana wa kowa?"

"Wannan gaskiya ne," in ji Wada yana yanka albasa. "Ko ka fi kowa iya yaji, in tsirenka ya kwana, ya kwana."

"Wa ya ce tsiren Idris ne ya kwana?" in ji Abdulilah. "Mutum takwas ya fitar yau da hannunsa. Takwas! So kuke ya jefa, ya ruga ya cafe, ya dawo ya sake jefawa? Ku ba shi 'yan bayan Bandar, ku ba Bandar namu, mu ga wanda zai ci kaka. Mu fa Hisham aka ba mu."

Duk aka juya aka dubi Hisham. Yana can ƙarshen darduma, ya sunkuyar da kai cikin shinkafa. Yana wasa da Ka'akiyya don can ya yi aure, amma ɗan ƙanwar mahaifiyar Bandar ne.

"Wallahi rana ce ta shige mini ido," in ji shi.

"Rana tana bayanka, ya shehi! Sai dai in kana da ido a ƙeya."

"Ba wanda zai iya cafe ƙwallon nan," in ji Bandar. "Ya wuce shi."

"Ya shiga hannunsa ya fita."

"Ƙarya ne."

Wani ya tuna cewa matar Bandar ta ɗauki bidiyo, aka aika aka karɓo wayar. Kawuna suka haɗu a kanta. Bidiyon ya nuna Bandar yana gyara hula, ya nuna Bandar yana bugu, ya nuna Bandar yana gudu tumbinsa yana rawa, har ya isa buhu ya ɗaga hannu. Ƙwallon bai fito ko sau ɗaya ba.

"Allah ya bar ƙauna," in ji Wada, ya mayar da wayar.

Idris kuwa yana cin abincinsa, hannun hagu a cinya, kafaɗarsa ta dama naɗe da tawul mai ƙanƙara.

Da aka ɗauke faranti, Bandar ya zagayo zai wanke hannu, ya rage tsawo kusa da Maha.

"Kin sa mini ɗigona?"

"Ban gama gyara shafin ba, Yaya."

"Me ake gyarawa? Ɗigo ɗaya ne." Ya yi mata murmushi ya wuce.

Zaɓen yana da tsarinsa, Lurwanu ne ya ƙirƙiro shi don wasu daga cikin dattawan farko ba sa karatu. Ana ajiye kwano biyu a zaure, kowanne an rufe shi da faifai. Bana fari na Bandar ne, kore na Idris. Wada yana bi yana miƙa wa kowane mai zaɓe dabino ɗaya. Mutum ya ci dabinonsa, ya shiga zaure shi kaɗai, ya jefa ƙwallon dabinon a kwanon da yake so, ya fito. Masu zaɓe su ne 'yan wasa da waɗanda ba sa fashin kallo, su ashirin da shida. Alƙali da mai littafi ba sa zaɓe.

Aka yi ta shiga ana fita. Abdulilah ya shiga yana ɗaga nasa sama don kowa ya shaida guda ɗaya ne. Hisham ya daɗe a ciki har aka yi masa tsiya. Da aka gama, Wada ya ce a sha gahawa tukuna, kwano ba zai gudu ba. Mutum huɗu suka yi sallama suka tafi, biyu suna da aiki, biyu za su ɗauko fasinja a Jidda.

Maha ta ji kafaɗunta sun ɗan sauka. Ta zuba wa mahaifinta gahawa, ta ɗora kofin a tafin hannunsa. Ba ta damu da wanda kwano zai ba ba, in dai ya ba wani.

Wada ya ɗauko kwanukan ya juye farin a kan tire. Ya ƙirga da bakin wuƙa, bibbiyu. Da ya wuce ashirin sai ya rage sauri.

"Ashirin da tara," ya ce.

"Nawa?"

Ya juye koren. "Goma sha uku."

Kowa yana haɗawa a ransa. Abdulilah ne ya fara tashi tsaye.

"Arba'in da biyu! Mu ashirin da shida muka haifi arba'in da biyu! Ma sha Allah, tabarakallah. Na ce muku dangi suna zaɓe, ban san har da na cikin kabari ba."

"Ka iya bakinka," in ji Bandar, shi ma ya miƙe.

"Wa ya shigo da dabino a aljihu? A caje kowa!"

Hayaniya ta yi yawa har labulen ɗakin mata ya motsa. Inna Hajara ce ta leƙo, yayar matar Wada, tsohuwa mai shekara tamanin da ta zo ziyara daga Mansur. Ta dubi tiren, ta dubi mazan.

"Me kuke yi da shara a kan darduma? Ni da na tattara muku ita wuri ɗaya."

Wada ya juyo a hankali. "Inna, me kika tattara?"

"Ƙwallayen dabinon da muka ci mana. Na fito da su a faranti ina neman inda zan zuba, na ɗaga faifai na ga wasu a ciki, na ce yawwa, ashe maza sun fara hankali."

Wani ya fashe da dariya ya danne da hannu.

"Guda nawa kika zuba, Inna?"

"Ka taɓa ganin wanda yake ƙirga abin da ya tofar?"

"A wane kwano?"

"Na kusa da ƙofa. Sai waɗanda suka zube ƙasa, na tsince na sa a ɗayan, don kada ya ji an ware shi." Ta gyara mayafinta. "In ba kwa so, ku ba ni in kai bola."

Ta koma ciki. Ko Abdulilah sai da ya zauna ya riƙe ciki. Da dariya ta lafa, Bandar ya ce a sake zaɓe, ai dabino bai ƙare ba. Abdulilah ya ce ina, mutum huɗun da suka tafi uku 'yan Ka'akiyya ne. Wani ya ce a kira su a waya, wani ya ce zaɓen da aka faɗa a waya ba na sirri ba ne. Aka yi ta juyawa har Wada ya buga wuƙa a tire.

"Doka tana nan. Ƙuri'a ta kasa, sai littafi. Maha, 'yata, buɗe mana."

Ta ciro littafin daga jaka. Bangonsa ya yi laushi saboda hannu. Ta buɗe shafin yau ta ɗora a gwiwa, ta karkatar da shi yadda ba mai hangowa. Gurbin yana nan a layi na huɗu, fari fat, bai kai faɗin farce ba.

Fensirin yana hannunta. Ɗigo ba ya ɗaukar lokaci, kafin wani ya ƙifta ido ta gama. Abdulilah zai yi ƙara, amma zai haƙura, don shekara uku bai taɓa kama ta da kuskure ba. Zobe ma haka, Bandar zai yi fushin mako biyu ya huce. Ko wanne ta sa, ba wanda zai tambayi Baba komai. In kuwa ta faɗi gaskiya, ta san inda duk idanun nan za su koma. Ta saci kallon mahaifinta. Yana zaune a miƙe, tabon shayi ya bushe a rigarsa, fuskarsa tana fuskantar wajen da muryar Wada ta fito.

Ta tuna ranar da ya fara ba ta littafin. Bai yi mata wani dogon bayani ba. Ya nuna mata shafukan da ya cike da hannunsa tun yana gabas, ya ce abin da ke cikin nan duk an gani.

"Muna jinki," in ji Wada.

"Bugun Yaya na ƙarshe," ta ce. Muryarta ba ta fita ba, sai da ta sake. "Bugun Yaya Bandar na ƙarshe, ban rubuta komai ba. Ban gani ba."

"Kamar yaya ba ki gani ba?" in ji Bandar.

"Kaina yana ƙasa."

"Duk kakar nan, sai a wannan kanki zai yi ƙasa?"



"Ba komai," in ji Abdulilah. "Ɗan Adam ne. Ai ga alƙali a zaune. Ammi Lurwanu, kai ka faɗa, duk abin da ka ce na yarda."

"Ni ma na yarda," in ji Bandar. "Baba, ya wuce shi ko bai wuce shi ba?"

Lurwanu ya kai hannu ya kama gemunsa. Ya shafa sau ɗaya, ya shafa sau biyu. Maha ta ga kansa ya ɗan karkato wajenta, kamar yadda ya saba. Littafin yana kan gwiwarta, ba ta ɗaga shi ba, don babu abin da za ta raɗa. Fankar ta juyo ta kaɗa shafin, ta danne shi da yatsa.

Ya saki gemun.

"Shayi na zubar a jikina, ta sunkuya ta tare kofin. Abin da ya sa kanta yake ƙasa ke nan." Ya ɗan tsaya. "Ni kuwa rabona da ganin ƙwallo shekara biyu. Yanzu haka ban san wa ke zaune a gabana ba sai ya yi magana."

Daga ɗakin mata ana jin ƙarar kofuna.

"Abu Bandar," in ji Wada, "ni tun ranar da ka yi wa tankin ruwana sallama na sani. Har ka tambaye shi iyali."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na ga ya amsa maka da ladabi."

Wasu suka yi dariya kaɗan, ta mutu da wuri. Bandar bai yi ba. Ya matso ya durƙusa a gaban mahaifinsa, ya ɗaga hannu a saitin fuskarsa, sai kuma ya ji kunya ya sauke.

"Baba, tabarau ka ce mini."

"Na ce."

Abdulilah yana ta ƙirga wani abu da yatsu. "Dakata. To hukuncin mako na huɗu, da aka ce Idris bai taka buhu ba, wa ya yanke?"

Idanu suka koma kan Maha. Ta sunkuyar da kai.

"Bai taka ba," ta ce.

"Ban taka ba," in ji Idris. Maganarsa ta farko ke nan tun da aka zauna.

"Shi ya sa na ga alƙalanci ya gyaru," in ji Wada.

Hisham ya ɗago. "Ammi, ko ba ka gani ba, ai kana ji. Kai da kake gane jifar Idris da ƙararta."

"Na ji fata, na ji ƙasa," in ji Lurwanu. "Ya taɓa safarka. Ko tsakiyarta ya faɗa ka sake shi, ko bakinta ya goga kana gudu, wannan kunne bai sani ba. Kuma ba a rubutu da kunne a littafin nan. Maha, bar gurbin yadda yake. Karanta abin da aka gani."

Ta karanta. Bandar, sau hamsin da ɗaya, ɗigo ashirin. Idris, sau hamsin, ɗigo ashirin.

Wada ya shiga ɗaki ya fito da safar a cikin tsohuwar jakar matashi. Fatar ta yi baƙi, an sake ɗinke yatsunta da igiyar takalmi. Ya ɗora ta a hannun Lurwanu, Lurwanu ya miƙa ta gaba, ɗan hagu da inda Idris yake. Idris ya matsa ya daidaita kansa da hannun.

"Ammi, ko a bar ta a wurinka bana? Abin bai fita sarai ba."

"Karɓi. Ka riƙa shafa mata mai, kada ka bar ta a mota."

Ya karɓa da hannu biyu. Abdulilah ya buɗe baki zai yi kirari, ya dubi Bandar, ya rufe.

Aka fara naɗe darduma. Matar Wada ta fito da tsintsiya ta kwashe ƙwallayen dabinon duka arba'in da biyu ta zuba a leda. Maha tana mayar da littafin jaka Bandar ya tsaya a kanta.

"Ɗigo ɗaya, Maha. Wa zai sani?"

"Ba kowa."

"Ya wuce shi, wallahi. Na ji a hannuna."

"Mai yiwuwa ne, Yaya."

Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu. Sai ya juya ya ga mahaifinsu ya miƙe yana lalube da ƙafa, yana neman takalminsa a cikin takalman mutane. Maha ta yunƙura, amma Bandar ya riga ta. Ya tsugunna ya jawo takalman ya saita masa, ya kama shi a gwiwar hannu, ya nufi zaure da shi da sauri kamar mai fitar da kaya.

"Sannu mana, ba akuya kake ja ba," in ji Lurwanu. "Ka bar ni ni in riƙe ka. Kuma in akwai matakala, ka faɗa kafin mu iso, ba bayan na taka ba."

"Akwai matakala."

"Guda nawa?"

Bandar ya duba ƙasa. "Biyu."

"Uku ne," in ji Maha daga baya. "Ta ƙarshen gajeriya ce."

Suka sauka ukun. A waje rana ta daki motoci har ba a iya taɓa ƙofa. Idris ya wuce su a kan babur, safar tana cikin rigarsa, ya ɗaga musu hannu. Bandar ya buɗe wa mahaifinsa gaba, ya sa tafinsa a saman ƙofar don kada ya bugi kai. Maha ta shiga baya, ta ɗora jakar a cinya.